Koyon Haɗa Abin Sha a Kaduna: Makaranta, Hannun Maigida ko Waya?

Duk wanda ya halarci dina ko kamu a Kaduna cikin 'yan shekarun nan ya ga teburin nan da ake kafawa a gefen zaure. Kofunan gilashi a jere, kulolin ƙanƙara a ƙasa, yankakkiyar kokwamba da lemon tsami a faranti, ga wani matashi ko wata budurwa suna ta zuba ja a kan ruwan ɗorawa, jama'a sun yi layi. A otal ana kiran mai wannan aiki baman. A gidan biki cewa ake mai moktel, wato haɗin abin sha marar giya, ko mai Chapman. Sana'ar ɗaya ce, kuma akwai ci a cikinta ga wanda ya iya. Hanyoyin koyonta a garin nan uku ne: shiga makaranta, zama yaron wani a bayan kanta, ko koyo daga waya a ɗakin girkin gida. Kowace tana ba da wani abu, tana hana wani, kuma mutane da yawa suna zaɓar wadda ba ta dace da inda suka nufa ba.

Akwai maganar da ya kamata a gama da ita kafin a biya ko sisi, wato maganar giya. Kaduna gari ne mai fuska biyu a wannan harka. Idan ka tsallaka gada ka nufi Barnawa, Narayi, Kakuri da Sabon Tasha, yawancin wuraren da ke ɗaukar baman giya ce babbar hajarsu, lemo rakiya yake yi. A Unguwar Rimi, Malali, Unguwar Sarki da Kawo kuwa, kasuwar da ta fi motsi ita ce ta bukukuwa, gidajen abinci da shagunan lemo, inda ba a son ko warin giya. Ga Musulmi hukuncin a fili yake: hadisin da ya la'anci giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai sayarwa da mai ɗauka da mai zuba wa wani. Otal ɗin da ke da mashaya ba zai ɗauke ka aiki sannan ya yarda ka ce kai lemo kaɗai za ka taɓa ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka takardun shaidar ƙasashen waje. Ƙungiyar bamanni ta duniya, IBA, wadda aka kafa a Ingila a 1951, jerin haɗe-haɗenta na hukuma na giya ne, kwasa-kwasan WSET, cibiyar koyar da ilimin giya, kuma da ɗanɗanawa ake yin su. Don haka tambaya ta farko ga kowace makaranta da kowane maigida ita ce: me zan taɓa, me zan ɗanɗana? A samu amsa ƙarara tun ranar farko.

Abin farin ciki shi ne gwanintar kanta, wato awo, sarrafa ƙanƙara, daidaita zaƙi da tsami, tsafta, lissafi da iya mu'amala, duk ana koyonsu ba tare da ɗigon giya ba. Haɗin da ba giya ma ya fi wuya ta wata fuskar. Giya tana hana abu lalacewa, tana kuma ba haɗi nauyi a baki. Idan babu ita, sai mai haɗi ya nemo wannan nauyi daga citta, tsamiya, baƙin shayi ko ɓawon lemo, kuma kayansa suna saurin juyawa. Wanda bai san wannan ba shi ne yake miƙa wa mutane ruwan sukari mai launi.

Ga wani tarko da ke cikin Chapman kansa, abin shan da aka fi nema a kowane biki. Haɗinsa na asali yana da ɗigon Angostura, 'yar kwalbar nan mai takardar da ta fi ta girma, wadda ake yi a Trinidad. Kashi 44.7 cikin ɗari na abin da ke cikinta barasa ce, a rubuce yake a jikinta. Masu haɗi da yawa suna ɗiga ta a bikin Musulmi ba su sani ba, domin haka suka gani a bidiyo ko haka ogansu yake yi. Madadinta mai sauƙi ne: ɓawon lemon zaƙi biyu da ɗan farin cikinsa, kanumfari goma, sandar kirfa ɗaya, ɗanyar citta kamar tsawon yatsa, a dafa a rabin lita na ruwa minti 15 a wuta kaɗan, a tace, a sa a firij. Mililita 10 a kofi ya wadatar, kuma kada ya wuce kwana biyar. A karanta jikin kwalbar giranadin ma, wato jan ruwan zaƙin nan da asalinsa daga rumman ne. Yawanci ba barasa a ciki, amma akwai kamfanonin da ke sawa.

Abin da hannu zai iya kafin a kira mutum gwani

Awo ne farko. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan sana'a ido yana cin amana. Ma'aunin da ake kira jiga ƙaramin kofin ƙarfe ne mai baki biyu, ko 25 da 50 ko 30 da 60 na mililita. Kofi na farko da na ɗari biyu dole su zama ɗanɗano ɗaya, kuma jiga ce kaɗai take tabbatar da haka. Chapman na dogon kofi mai cin mililita 350 zai yi daidai da giranadin 15, ruwan lemon tsami 10, Ribena ko makamancinta 10, madadin Angostura 10, sai ƙanƙara, sai Fanta da Sprite kimanin 90 kowanne, da kokwamba da yankan lemo. Idan giranadin ya tashi daga 15 zuwa 25 saboda hannu ya yi nauyi, kwalbar mililita 750 da za ta yi kofi 50 za ta ƙare a kofi 30, ga kuma zaƙin ya yi gardama.

Ruwan sukari ana yinsa kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwan zafi, a juya har ya narke, ba sai an tafasa ba. Ɗanyen sukari ba ya narkewa a abu mai sanyi, ƙasan kofi yake kwanciya. A firij mai wuta kullum zai kai makonni uku zuwa huɗu, amma da irin wutarmu a yi na mako guda kawai. In an ga ya yi gajimare a zubar. Wanda aka yi da mazarƙwaila yana ba haɗin tsamiya da citta wani ƙamshi da farin sukari ba ya bayarwa. Lemon tsami kuwa ranar da za a yi aiki ake matse shi, ba da ƙarfin da zai tatso farin ɓawon ba, domin daga nan ɗaci yake fitowa, kuma idan ya kwana ɗanɗanonsa ya sauya.

Sai girgizawa. A zuba kayan a sheka, wato kofin ƙarfe mai murfi na girgiza haɗi, a cika ta da ƙanƙara wajen kashi biyu cikin uku, a girgiza da ƙarfi daƙiƙa 10 zuwa 15 har ƙarfen ya yi raɓa, a tace a kan sabuwar ƙanƙara. Girgizawa tana ƙara wa haɗi ruwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma an lissafa da wannan ruwan a cikin awon. Ƙanƙarar da ta fara narkewa tana ƙara yawansa, haɗin ya yi lami. Lemon kwalba da ruwan soda ba sa shiga sheka ko kusa: iskar za ta tura murfin, ta yi wa mai haɗi da kwastoma wanka. A ƙarshe ake zuba su, a juya sau ɗaya da dogon cokali. Na'ana'ar mohito, wato haɗin na'ana'a da lemon tsami da soda, ganye takwas zuwa goma ne, a danna su a hankali da 'yar taɓarya don mai ya fito. Wanda ya daka su kamar yana dakan yaji ɗaci zai samu. Ɗanyar abarba kuma ba ta jituwa da madarar shanu, akwai sinadari a cikinta da ke sa madara ta guntse ta yi ɗaci idan sun jima tare, shi ya sa ake haɗa ta da madarar kwakwa ko a miƙa nan take.

Ƙanƙara ita ce rabin sana'ar a Kaduna, musamman daga Maris zuwa Mayu. Iri biyu ce kuma ba a gauraya su: bulo da ake saya a unguwa don sanyaya kwalabe, da ƙanana da aka yi da ruwan sha don shiga kofi. Mai fasa bulo da wuƙa yana jefawa a kofin mutane bai san da wane ruwa aka yi ta ba, bai san a wace ƙasa aka ja ta ba. Araha ba ta ado. Ba a ɗibar ƙanƙara da kofin gilashi, da ludayinta ake ɗiba. In gilashi ya fashe kusa da kula, duk abin da ke ciki ya tafi, domin ba a bambance tsagin gilashi da ƙanƙara da ido. A ƙiyasta rabin kilo ga kowane baƙo don kofi kawai, ban da ta sanyaya kwalabe, a lokacin zafi kuma a ƙara.

To, a ina ake samun waɗannan?

Makaranta

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Kadpoly da ke Tudun Wada, tana da sashen koyar da harkar otal da karɓar baƙi. Hanyar sananniya ce: kiredit a darussan da ake bukata, jarrabawar JAMB, shekara biyu ta ND da 'yan watannin koyon aiki na SIWES a tsakani, shekara guda ta aikin gwaji, sannan shekara biyu ta HND ga mai son ci gaba. Hukumar NBTE mai kula da irin waɗannan kwasa-kwasai hedikwatarta ma a Kaduna take, a titin Bida. Akwai kuma cibiyar NIHOTOUR ta gwamnatin tarayya, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano, da ke ba da horo a kan otal da yawon buɗe ido.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne wannan karatu na otal ne gaba ɗayansa: girki, hidimar teburi, gyaran ɗakuna, karɓar baƙi, ajiyar kaya, lissafin kuɗi. Haɗa abin sha ɗan yanki ne a ciki. Ɗalibi zai fita ya san dalilin da ya sa ake ajiye abu mai lalacewa a sanyin da bai wuce digiri 5 ba, ya san tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, ya iya fitar da farashin kofi, ya iya rubuta littafin sito. Wannan ilimi ne na gaske, kuma shi ne yake kai mutum kujerar manajan abinci da abin sha. Amma a ba shi oda goma sha biyu a lokaci guda, zai daburce kamar kowane sabon shiga. Shekara biyu zuwa biyar da kuɗin makaranta sun yi yawa ga wanda burinsa teburin biki ne. Ga wanda yake hangen babban otal a Abuja ko Legas, ko aiki a ƙasashen Larabawa inda ake duba takarda kafin a duba hannu, wannan hanyar ce, sai dai ya nemi SIWES ɗinsa a wurin da za a bar shi ya tsaya a kanta, ba wurin da za a ajiye shi yana goge cokula ba.

Gajerun kwasa-kwasai na makarantun ketarin, wato na koyon girki da hidimar biki, masu zaman kansu, na mako biyu zuwa wata uku, su ne suka fi yawa, kuma a nan ne ake bukatar buɗe ido. Akwai nagari, akwai waɗanda malama za ta haɗa kala biyar a gaban ɗalibai talatin, kowa ya ɗauki hoto, a raba satifiket. Kafin a biya a je a ga aji ana cikin darasi. Mutum nawa ne ke rabon sheka ɗaya? Kowane ɗalibi yana haɗawa da hannunsa ko kallo yake? Kuɗin ya haɗa da kayan gwaji? Ana koyar da fitar da farashi da haɗin mutum ɗari biyu, ko sai kofi ɗaya mai kyan hoto? Suna tura ɗalibai aikin biki na gaske? Kwas ɗin da bai da darasin tsafta da na lissafi ya rasa abu biyun da makaranta ta fi kowa iya bayarwa, sauran kuwa waya ma za ta ba ka kyauta.

Hannun maigida

A ganinmu wannan ce hanyar da ke samar da ma'aikaci, kuma ita ce ta fi ɗaci. Ba sheka ake fara ba ka ba. Wanke kofuna ne, ɗaukar kiret, yanka kokwamba, matse lemon tsami, jan kula, goge kanta, zubar da shara. Wata biyu ko uku na iya wucewa a haka. Masu gajen haƙuri a nan suke gudu, alhali a nan ake koyon abin da ba a rubutawa: yadda ake jera kaya ta yadda hannu zai kai ga komai ba tare da an juya baya ba, cewa kofi ana riƙe shi daga gindi ba daga inda leɓe ke taɓawa ba, cewa kofin da ya fito daga ruwan zafi ba a zuba masa ƙanƙara nan take don zai tsage, cewa tsumman goge kanta daban na goge gilashi daban.

A bayan kanta ne kaɗai ake koyon sauri da tsari. Oda shida ta shigo, gwani zai jera kofuna shida, ya zuba giranadin a duka, ya bi da lemon tsami a duka, ƙanƙara a ƙarshe, maimakon ya gama ɗaya ya koma ɗaya. A nan ake koyon haɗin taro. Chapman na mutum 100 yana bukatar giranadin lita ɗaya da rabi, lemon tsami lita ɗaya, Ribena lita ɗaya, madadin Angostura lita ɗaya. Waɗannan huɗu ake gaurayawa tun a gida a jarka mai tsafta, a sanyaya. A zaure sai a zuba mililita 45 na gaurayen a kowane kofi, a bi da lemon kwalba, wanda lita tara-tara ne na Fanta da Sprite, kwalba 18 kowanne idan ta rabin lita ce. Kuskuren sabon shiga shi ne ya juye komai da ƙanƙara a babban bokiti tun la'asar. Kowa ya san bikinmu: an rubuta ƙarfe bakwai, amarya ba za ta shigo ba sai tara. Kafin nan iskar ta fita, ƙanƙarar ta narke, kokwambar ta yi laushi.

Haka nan mu'amala. Yadda ake amsa wa Hajiya uwar biki da ta zo a fusace tana cewa teburin dangin ango bai samu ba, a ce mata "Ranki ya daɗe, ga shi nan tafe," kuma ya tafi ɗin. Yadda ake hana yara wawason kofuna ba tare da an ɓata wa iyayensu rai ba. Yadda ake tambayar Alhaji mai ciwon sukari ko a rage masa zaƙi. Wanda ya zaɓi aiki a mashaya yana da ƙarin nauyi: gane wanda ya sha ya ishe shi da iya hana shi cikin lalama, da ƙin sayar wa yara. Ba bidiyon da ke koya wannan.

Illolin ma a faɗe su. Yaro yana gadon kuskuren ubangidansa tare da gwanintarsa. In oga yana sa bulo a kofi, haka yaron zai tashi, kuma ba wanda zai faɗa masa dalilin da ya sa bai kamata ba. Wasu iyayen gida suna ɓoye awonsu, su haɗa sirrin a gida su kawo a jarka, yaro ya shekara bai san me ke ciki ba. Ga tashi da tsakar dare, ga neman Keke bayan an watse, wanda ga 'ya mace ba ƙaramar magana ba ce. Ga cire kuɗin kofin da ya fashe daga ɗan abin da ake ba shi. Saboda haka a je da uba ko yaya ko wani babba, a yi magana a gabansa: wata nawa, nawa ne kuɗin mota, wa ke biyan fashewa, yaushe za a fara ba shi haɗi, ana ba da lokacin salla, in 'ya mace ce wa zai mai da ita gida idan dare ya yi. A zaɓi wurin da ke da cunkoso ko da bai da ƙawa. Wata shida a wajen mai yin biki uku a mako sun fi shekara biyu a kantar da kwastoma biyar ke leƙawa a yini.

Waya da ɗakin girki

Ita ce mafi araha, kuma ga matar aure ko ɗalibar da ba za ta iya zaman shago ba, sau da yawa ita ce kaɗai a buɗe. YouTube da Instagram cike suke da haɗe-haɗe. Kayan farawa ba su da yawa: jiga, sheka, mataci, dogon cokali, 'yar taɓarya, wuƙa da katako, abin matse lemo, bilanda mai ƙarfi, kula biyu. Ana samun yawancinsu a wajen masu kayan kicin a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sauran a yi odarsu.

Sai dai bidiyon Amurka da awon Amurka yake zuwa. Abin da suke kira oz kimanin mililita 30 ne. Idan suka ce ruwan lemon tsami guda, nasu ya fi namu girma da ruwa, don haka a bi mililita, kada a bi ƙidaya. Suna amfani da 'ya'yan itacen da a nan sai a babban kanti da tsada, alhali ga mangwaro a lokacinsa, ga kankana, ga gwaba, ga tsamiya, ga garin kuka mai tsami da kauri, ga cittar Kachia da ta yi suna har a ƙasashen waje. Mai koyo a gida ya fi kowa damar ƙwarewa a kayanmu, kuma a nan riba take, domin ba ya jiran kwalbar da aka shigo da ita. Cittar ma dai tun annobar da ta faɗa wa gonakinta a Kudancin Kaduna a 2023 ta nuna wa masu sana'a cewa farashi abin dubawa ne kowane mako.

Zoɓo misali ne mai kyau. Giram 100 na busasshe a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a sauke a rufe minti 20 zuwa 30, a tace, ya ba da mai kaurin da zai maye gurbin giranadin da Ribena a haɗi da yawa. Doguwar tafasa tana kashe launinsa. Tukunyar alminiyam ba ta dace da tsaminsa ba, a yi amfani da ta ƙarfe marar tsatsa. Lemon tsami yana ƙara masa ja, kanwa kuwa tana mai da shi baƙi-baƙi. Kunun aya da dabino da kwakwa ya fi kowane abin sha saurin tsami, 'yan sa'o'i a waje cikin zafi sun ishe shi, don haka ko ya zauna cikin ƙanƙara tun daga bilanda har kofi, ko kada a karɓi odarsa. Mai niyyar ɗurawa a gora da lakabi ya kai shaguna kuma ya sani wannan ya shiga hurumin NAFDAC, sai da rajista.

Babbar matsalar waya ita ce ba ta cewa ka yi kuskure. 'Yan gida za su sha su ce ya yi daɗi. Maganin shi ne mutum ya zama mai tsananta wa kansa: ya jera kofi goma na haɗi ɗaya, ya duba agogo, sannan ya ba wani ya ɗanɗana ko zai iya bambance na farko da na goma. Ya rubuta kowane awo a littafi. Kuma kafin ya karɓi bikin kansa, ya bi wani mai sana'a biki biyar ko shida a matsayin mai taimako, ko da kyauta ne. Bikin farko da aka kunyata a ciki yana bin mutum, don masu shirya biki a garin nan sun san juna.

Lissafi shi ne inda 'yan waya da yaran kanta suka fi faɗuwa, kuma shi ne dalilin da ya sa muke ganin ko wanda ya zauna a hannun maigida ya kamata ya nemi gajeren kwas mai kyau daga baya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kayan da suka shiga kofi kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na farashinsa. A misali, idan lemo, giranadin, ƙanƙara, kokwamba da tsinken zuƙa sun ci N600, kofin bai kamata ya gaza N1,800 ba, ya kan kai N2,400. Ratar ba riba ba ce duka: a ciki ne kuɗin mota, ladan masu taimako, hayar kofuna, waɗanda za su fashe ko su bi baƙi gida, man janareta da ya riƙe firiza. A rubuta adadin kofunan da aka yi ciniki a kansu, a karɓi kafin alƙalami da zai sayi kaya duka, domin katin mutum 200 yakan tara 350. Shekara ma ba ɗaya take ba. Azumi, lokacin zafi, bayan salla da Disamba akwai aiki, tsakiyar damina kasuwa takan yi sanyi, wanda bai yi tanadi ba zai sayar da bilandarsa.

Idan aka ɗora su a sikeli, saurayin da ya gama sakandare, yake son abin yi cikin shekara guda, ya nemi maigida mai yawan aiki wanda ba ya harka da abin da addininsa ya hana, ya yi wata shida zuwa tara, yana cike giɓi da waya, sannan ya biya kuɗin kwas na tsafta da lissafi. Matar da ke gida ta fara da waya da kayanmu na gargajiya, ta sayar wa maƙwabta da ofisoshi, ta bi wata gwana 'yan bukukuwa kafin ta buga kati. Kadpoly ta mai son shugabancin sashe a otal ce, kuma shi ma hutunsa a bayan kanta ya kamata ya ƙare.

Ranar neman aiki, manyan wurare sukan nemi takardar gwajin lafiya ta masu sarrafa abinci, a je da ita. Sauran gwajin a tsaye ake yinsa: za a ce ka haɗa Chapman biyu da mohito ɗaya. Mai ɗaukar aikin yana kallon ko ka wanke hannu kafin ka fara, ko farcenka a yanke yake, ko ka ɗauki jiga, da abin da ka ɗebi ƙanƙara, da yadda ka bar kantar bayan ka miƙa kofin.